Sabo Daban, Gado Daban: Gyara Kan Fassarar Wata Kalmar Kimiyya

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga babbar sakandare ya ɗauki darasin ilmin halittu, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da kalmar Ingilishin nan "adaptation". Malami kan karanta ma'anarta daga littafi, idan ya ga fuskokin yara ba su nuna alamar fahimta ba, sai ya juya harshe ya ce, "Wato sabawa da muhalli." Nan take aji ya ɗauka, kowa ya rubuta. Fassarar tana da daɗin ji, kuma ba ta da wuyar haddacewa. Sai dai kash, rabin gaskiya kawai ta ɗauko, ta bar rabin da ya fi muhimmanci a baya.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da malaman kimiyya za su daina amfani da kalmar "sabo" ita kaɗai wajen bayyana wannan kalma. Dalili kuwa, abubuwa uku ne mabambanta ake cusawa cikin buhu ɗaya. Akwai canjin da jikin halitta guda ke yi a tsawon rayuwarta. Akwai siffar da zuriya ke gada daga iyaye. Akwai kuma hikimar da ɗan Adam ke ƙagowa idan zamani ya juya masa. Cakuɗa su yana jawo asarar maki a jarrabawa, wannan kuwa ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce wadda ake yi a gona da ɗakin majinyaci, kamar yadda tarihin ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura da maƙwabtansu ya nuna.

Asalin Kalmar

Kalmar ta samo tushe ne daga harshen Latin, daga wata kalma mai ma'anar daidaita wani abu da wani, kamar yadda maƙeri ke daidaita ruwan fartanya da ƙota har su zauna daram. Ta shiga Ingilishi tun wajen ƙarni na 17, kuma har yau Turawa na amfani da ita a hirar yau da kullum cikin faffaɗar ma'ana. Suna faɗin ta ga baƙon da ya koyi zama a sabon gari, suna kuma faɗin ta ga littafin da aka mayar wasan kwaikwayo. Amma a bakin masanin halittu ma'anarta ta ƙuntata. A wurinsa kalmar tana nufin wata siffa ta jiki, ko ta aikin jiki, ko ta ɗabi'a, wadda ake gada, wadda kuma take taimakon mai ita ya rayu ya hayayyafa a wani muhalli na musamman.

Canjin da jiki guda ke yi cikin kwanaki ko makonni yana da tasa kalmar daban, wato "acclimatization", wadda Ingilishi ya aro daga Faransanci, tushenta kuma kalmar yanayi ce. Su ma Turawan sun daɗe suna rikita kalmomin biyu. A shekarar 1854 an kafa wata ƙungiya a birnin Faris don kai dabbobi da tsirrai daga wata nahiya zuwa wata a saba musu da sabon yanayi, da fatan 'ya'yansu za su tashi da wannan sabo. Tunanin ya samo asali daga wani masani Bafaranshe mai suna Lamarck, wanda ya rubuta a 1809 cewa abin da dabba ta samu ta hanyar yawan amfani da wata gaɓa, tana miƙa shi ga 'ya'yanta. Misalin da aka fi sani shi ne na raƙumin dawa, cewa wai yawan miƙa wuya don cin ganye ne ya tsawaita wuyan zuriyarsa. Littafin Charles Darwin na 1859, da kuma aikin Gregor Mendel kan gado wanda aka buga a 1866, su ne suka buɗe hanyar da daga baya ta ture wannan tunani.

Bahaushe ba ya bukatar zuwa Turai kafin ya ga raunin maganar Lamarck. Zamfarawa da Gobirawa da Kabawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yi wa 'ya'yansu tsagar gado, amma ba a taɓa haihuwar jariri da tsaga a kumatu ba, kullum sai wanzami ya sake ɗauko aska. Haka nan ɗan maƙeri ba ya zuwa duniya da kanta a tafin hannu, ko da kakansa na bakwai maƙeri ne. Ɗalibin da aka koya masa cewa halitta "sabawa" take yi, to an mayar da shi makarantar Lamarck ba tare da malam ya nufa ba.

Sabo: Aikin Jiki Guda

Sabo gaskiya ne, kuma kimiyya ta san yadda yake aukuwa. A ɗauki misalin ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Jos zuwa Maradun a watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A kwanakin farko zuciyarsa na bugawa da sauri, ƙaramin aiki na gajiyar da shi, barci ma ya gagara. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sai jikinsa ya yi gyare-gyare: ruwan jininsa ya ƙaru, gumi ya riƙa fito masa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke bin gumin ya ragu, bugun zuciya ya sauko. Wannan shi ne sabo. Haka kuma wanda ya tashi daga Bakura ya hau tudu mai tsawon gaske, inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, jikinsa zai ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini cikin makonni.

Sabo yana da alamomi uku da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na farko, a jikin mutum guda yake faruwa, cikin ɗan lokaci. Na biyu, yana gushewa, domin ɗan bautar ƙasar nan idan ya koma Jos, bayan 'yan makonni sabon ya tafi. Na uku, ba a gadonsa, kuma yana da iyaka. Zafin jikin lafiyayyen mutum yana wajen digiri 37, idan kuwa ya haura 40 saboda aiki a rana da ƙarancin ruwa, ƙwaƙwalwa na iya rikicewa, rai na iya salwanta, ko da mutumin a nan aka binne cibiyarsa.

Dacewar Gado: Aikin Zuriya

Wanda ya taɓa haƙa a busasshiyar fadama da rani, ƙila ya taɓa tono gaiwa. Wannan kifi yana da huhu. Idan ruwa ya fara janyewa sai ya nutse cikin laka, ya fitar da wani yauƙi da ke bushewa ya zame masa riga, ya bar 'yar kafar shan iska, ya rage aikin jikinsa ƙwarai, ya zauna watanni yana rayuwa da naman jikinsa har damina ta dawo. Daga nan ne Hausawa suka samo zancen gaiwa mai cin jikinta, kuma kimiyya ta gaskata su. To amma a saka karfasa a kududdufin da ke ƙafewa a jira ta saba, abin da za a tarar shi ne mushe. Gaiwa ba koyon wannan hali ta yi ba, da shi aka ƙyanƙyashe ta. Haka itacen gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, da kuka mai ajiye ruwa a kututturenta, duk siffofi ne na gado.

Yaya irin wannan siffa ke yaɗuwa a cikin zuriya? Amsar tana cikin aikin da kowace mata a karkara ta sani, wato sheƙa. A cikin kowane jinsi 'ya'ya ba sa zama iri ɗaya sak, akwai 'yan bambance-bambance a ƙwayoyin gadonsu tun daga haihuwa. Muhalli kuwa kamar iskar sheƙa yake: fari da cuta da zafi da maƙiya suna kwashe waɗanda siffarsu ba ta dace ba, su bar waɗanda ta dace, su kuma su haifi masu kama da su. Idan aka maimaita haka zuriya bayan zuriya, sai a wayi gari siffar ta mamaye jinsin. Babu ɗaya daga cikinsu da ya canza kansa. Yawan masu siffar ne ya ƙaru a cikin taron.

An ga wannan da ido a gonakin gero na Jamhuriyar Nijar. Masu bincike sun tara irin gero daga ƙauyuka masu yawa a 1976, aka sake komawa waɗannan ƙauyuka aka tara a 2003, bayan ƙasar Sahel ta sha munanan fari a shekarun 1970 da 1980. Da aka shuka tsohon iri da sabo gefe da gefe, sai aka tarar geron 2003 ya fi saurin fitar da kai, zangarniyarsa kuma ta ɗan gajarta. An buga sakamakon a 2011. Abin da ya faru shi ne, a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, geron da ya makara bai yi ƙwaya ba, mai sauri ne ya shiga rumbu, daga cikinsa kuma manomi ya ware iri. Cikin shekara 27 muhalli da hannun manomi suka sheƙe geron, ba tare da wani kara guda ya saba da komai ba.

Jikin ɗan Adam ma yana ɗauke da irin wannan shaida. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da rukunin jini na AS. A 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu wannan rukuni sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar gadon ta yawaita a ƙasashen da sauro ya yi katutu. Amma dacewar ba kyauta ta zo ba. Idan miji da mata duka AS ne, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon sikila. Babu sabon da zai goge wannan, gwajin jini kafin aure ne kawai hanyar kaucewa.

Darasin Bakolori

Babu inda ya fi dacewa a ga bambancin waɗannan ma'anoni kamar bakin madatsar ruwa ta Bakolori. An kammala ta a 1978 a kan gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, kuma an tsara ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kyubik mita miliyan 450, ta shayar da fiye da kadada 20,000 na noman rani a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Tafkin da ya taru a bayanta ya haɗiye gonaki da gidaje na dubban iyalai a ƙasar Maradun, aka mayar da mutane sabbin matsugunai a kan tudu.

Kafin madatsar, manoman fadamun da ke ƙasa da ita suna dogara ne da ambaliyar kowace shekara. Suna shuka shinkafar gargajiya, wadda wasu ire-irenta ke tsawaita kara yayin da ruwa ke hawa, don kai ya zauna a sama. Wannan siffa ce ta gado da ta dace da gulbi mai cika yana batsewa. Da madatsa ta rage ƙarfin ambaliya, sai dacewar ta zama ba ta da amfani, domin muhallin da aka dace da shi ya tafi. Binciken da masanin labarin ƙasa W. M. Adams ya yi a shekarun 1980 ya nuna an yi asarar dubban kadada na noman shinkafa da na kayan lambu a fadamun da ke ƙasa, kamun kifi ma ya ragu. Shinkafar ba ta saba ba, kuma ba za ta taɓa sabawa cikin damina ɗaya ko biyu ba. Darasi na farko ke nan: dacewa kullum da wani muhalli take ɗaure, idan an canza muhallin da sauri, abin da ya kasance ƙarfi jiya sai ya zama rauni yau.

Manoman su ne suka motsa. Wasu suka koma shuka gero da dawa inda da ake shinkafa, wasu suka tafi cin rani, daga baya kuma rijiyoyin bututu da injunan ban-ruwa suka yaɗu a fadamu, musamman bayan shirin raya fadama na ƙasa da aka fara a farkon shekarun 1990. A cikin filin aikin kuwa, manomi ya koyi cewa alkama ba ta jure zafin bazara, dole a shuka ta da farkon hunturu don ta nuna kafin zafin Maris ya kama ta. Wannan shi ne nau'i na uku, kuma sunansa a Hausa dabara. Ba a jini take ba, koyon ta ake yi, ana kuma iya koya wa maƙwabci cikin yini guda. Wannan ma'ana ce ake nufi idan aka ji kalmar a tarurrukan sauyin yanayi, irin wanda ya haifar da yarjejeniyar Faris ta 2015. Ita ce kuma manoman Maraɗi suka nuna tun daga shekarun 1980, da suka daina tumɓuke kututturen itatuwa a gonaki, suka riƙa gyara tohon da ke fitowa, har itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada.

Akwai darasi na biyu mai ɗaci. Dabara tana bukatar ƙasa da jari da lokaci. Manoman Bakolori sun yi shekaru ba su shuka gonakinsu ba yayin da ake baje fili ana gina hanyoyin ruwa, ga rikicin biyan diyya ya ƙi ƙarewa. Da tura ta kai bango suka tare hanyoyin aikin, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Hukuma ta ambaci adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, masu bincike da dama kuwa sun ce ɗaruruwa ne. Duk mai tsara aiki da ya ɗauka cewa a kawo canji kawai, jama'a za su saba, to ya ɗauki mutane kamar jikin da ke daidaita guminsa da kansa. Al'umma ba haka take ba, sai an ba ta abin da za ta yi dabara da shi.

Inda Kuskuren ke Kisa

A 2010 aka gano yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Sanadin shi ne gubar dalma da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma jininsu ya gurɓata. Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta yi aikin jinya, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, na Bagega sai a 2013.

A irin wannan wuri ne maganar "jiki zai saba" ke zama guba ta biyu. Baligin da ke niƙa dutse ba ya faɗuwa nan take, sai ya ɗauka ya saba da ƙurar. Alhali dalma taruwa take yi a ƙashi, ta zauna shekaru, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, a yara kuma tana dakushe ƙwaƙwalwa ta yadda ba a iya mayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a san wani mizani na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa ba. Jiki yana da hanyar sabawa da zafi, domin yana da gumi da jijiyoyin jini da zai daidaita. Ba shi da irin wannan hanya game da dalma. Tun da haƙar zinare sana'a ce da ta bazu a sassan Zamfara, ɗalibin da ya fahimci iyakar sabo yana iya zama sanadin tsira ga ƙannensa.

Ga kuma maganar da ake ji a kowane kemis: "Jikina ya saba da wannan magani, ba ya yi mini aiki." Game da maganin zazzaɓin cizon sauro, ba jiki ne ya saba ba. Ƙwayoyin cutar ne aka sheƙe. Duk lokacin da aka sha magani aka bar shi a rabi, ko aka sha jabu mai ƙarancin ƙarfi, raunanan ƙwayoyi na mutuwa, masu juriya ta gado na tsira su hayayyafa, sauro kuma ya kwasa ya kai wa wani. Haka kulorokwin ya rasa ƙarfinsa, har Nijeriya ta sauya shi da haɗin magungunan atemisinin a 2005. Wanda ya ɗauka sabon jikinsa ne, zai ga matsalar tasa ce shi kaɗai. Wanda ya gane dacewar gado ce ta ƙwayar cuta, zai san cewa rashin ƙarasa maganinsa yana shafar gari duka. Irin wannan ne ke faruwa ga sauro da ƙwarin gona idan aka yi ta fesa musu magani iri ɗaya. Inda jiki ke sabawa da gaske shi ne ga ƙwayoyin maye irin su tiramadol, inda mai sha ke bukatar ƙari kullum, a nan kuwa karin maganar nan ta tabbata cewa sabo turken wawa.

Makiyayi ma yana da rabonsa. Saniyar Turai mai yawan madara idan aka kawo ta ƙasar Zamfara takan ɗan saba, amma iyakar sabonta ba ta kai dacewar Gudali ko Bunaji ko jar akuyar Sakkwato ba, waɗanda zuriyarsu ta sha sheƙar zafi da ƙishirwa da cututtukan wannan ƙasa shekaru aru-aru. Shi ya sa masana a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, suka bi hanyar barbara tsakanin na waje da na gida, domin gado sai da gado ake gyara shi. Dogon yaro kuwa da ya cika titunan Arewa, daga Indiya aka kawo shi a ƙarni na 20, kuma ya yi albarka ne saboda ya zo da dacewarsa daga ƙasa mai dogon rani irin wannan.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Wani malami zai ce, harshe na masu shi ne, kowa ya san "sabo", me zai sa a ɗora wa yaro sabuwar kalma? Zai ƙara da cewa su kansu Turawa suna sakin kalmar yadda suka ga dama, har likitocinsu kan yi amfani da ita ga idon da ya daidaita da duhu bayan an shiga ɗaki daga rana. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai cewa a hana Bahaushe faɗin "na saba da garin nan" a kasuwa. Amma aji ba kasuwa ba ne. Malamin fikihu ba ya yarda a haɗa gado da kyauta don kawai duka biyun dukiya ce ta shiga hannun mutum, kuma maɗinki ba ya kiran kowane ɗinki da suna ɗaya. Kowane fanni yana ƙuntata kalmominsa gwargwadon bukatarsa. Masana harshe da adabin Hausa sun riga sun yi wa nasu fannin wannan hidima a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990. Kimiyya ba ta fi ƙarfin Hausa ba.

Bugu da ƙari, ba baƙin kalmomi ake nema a shigo da su ba. Sabo da gado da dacewa da dabara duk 'yan gida ne. Mai iya magana da ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gado yake nufi. Da ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, dabara yake nufi. Harshen ya riga ya raba su, fassarar gaggawa ce ta haɗe su.

Wani kuma zai kawo batun binciken zamani da ya nuna cewa yunwa ko wahalar da iyaye suka sha tana iya barin wata alama a kan yadda ƙwayoyin gadon 'ya'ya ke aiki. Haka ne, an ga irin wannan, musamman a tsirrai da ƙananan halittu. Sai dai alamun ba sa canza rubutun ƙwayar gadon kanta, kuma galibi suna gogewa bayan 'yan zuriya. Ba su ne suka ba gaiwa huhu ba, ba su ne kuma suka gajarta kwanakin geron Nijar ba.

Kammalawa

Shawarar da ake ba malamai mai sauƙi ce. A kira canjin jiki guda "sabo". A kira siffar da zuriya ta gada "dacewar gado". A kira hikimar mutane "dabara". Sa'an nan a koya wa ɗalibi tambayoyi uku da zai yi wa kowane misali: A jikin wa canjin ya faru, mutum guda ko zuriya? Tsawon wane lokaci ya ɗauka? Idan an haifi ɗa, zai zo da shi ko sai ya koya? Wanda ya iya amsa waɗannan ba zai rubuta a takardar jarrabawa cewa raƙumi ya saba da ƙishirwa har ya koya wa 'ya'yansa ba.

Ba a bukatar ɗakin gwaji mai tsada don tabbatar da darasin. A samo irin gero mai saurin nuna da irin maiwa daga kasuwar Talata Mafara, a shuka su rana ɗaya a bayan aji, a ba su taki da kulawa iri ɗaya, ɗalibai su riƙa rubuta ranar da kowanne ya fitar da kai. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, amma kwanaki daban, to daga ina bambancin ya fito in ba daga gado ba? A kuma tura su ga dattawan unguwa su tambayo irin shinkafar da ake nomawa a fadama kafin 1978, da wadda ake nomawa yanzu, da dalilin sauyin. Sassan koyar da Hausa da na ilmin halittu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau su ne suka fi cancanta su zauna tare su daidaita waɗannan kalmomi, su miƙa wa masu rubuta littattafan makaranta. Kafin a kai ga haka, alli yana hannun malamin aji, kuma shi ne zai fara gyaran a darasinsa na gobe.